Akwatin Tamba da Aka Tare a Hanyar Jega

Duk wanda motarsa ta taɓa mutuwa a Argungu ya san garejin Tamba. Yana nan bakin hanyar da ke gangarawa fadama, rumfar kwano ce kawai da benci biyu da wani rami da ake shiga ƙarƙashin mota. Tamba mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya ba shekara hamsin baya, kuma ba ya da yawan magana. In ka kawo masa mota sai ya ce ka tayar, ya sunkuyar da kai ya saurara, sannan ya faɗa maka abin da ke damunta kafin ya taɓa sifana.

Gidansu masunta ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a ruwa, amma tun Tamba yana ƙarami hankalinsa na wajen injin kwalekwale, ba wajen kifin ba. Boko aji uku ya yi ya bari. Yana karatun Alƙur'ani, yana rubuta sunayen masu mota da ajami a jikin bango, yana kuma gane lambobin da ke jikin ƙarfe. Amma takardar Turanci in aka miƙa masa, juya ta kawai yake yi ya mayar wa mai ita. Da waya ta zo sai ta yi masa daɗi, don komai da murya yake aikawa, da murya kuma ake ba shi amsa.

Abu ɗaya ne mutane suka san Tamba na tsoro, shi ne kaki. Yana da wa mai suna Riskuwa wanda ya shiga fasa-ƙwaurin mai zuwa ƙetaren iyaka. Wata rana masu sintiri suka tsayar da shi, ya ƙi tsayawa, ya yanki daji da gudu, motar ta ƙwace ta kife, man da ke ciki ya kama. Tamba yana da shekara ashirin aka tura shi ya ɗauko gawar. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, yakan ce Riskuwa ne ya ja wa kansa. Amma tun daga ranar, ko a shingen hanya aka ce masa ya buɗe but, sai ya rikice. Shekara talatin bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ko na kwastam ba, ko da rakiya.

Manoman shinkafa na unguwarsu suna da ƙungiya, kuma ƙungiyar tana da mota guda mai taya shida, wadda suka haɗa hannu suka saya. Ita ke kwaso musu shinkafa shanshera daga fadama zuwa gari. Tamba ne mai kula da ita tun ranar da ta zo. A ƙarshen watan Fabrairu na wata shekara, saura wata biyu a fara yankan shinkafar rani, giyabos ɗinta ya fashe. Tamba ya sauke shi ya buɗe, ya tarar haƙoran sun zube kamar an tauna su.

Ya nema a Sakkwato bai samu ba. Ya aika Kano, aka turo masa hoton wani da ya fi nasu lalacewa. Daga nan ya hau mota zuwa Birnin Kebbi wajen Pius.

Pius mai sayar da kayan gyaran mota ne a unguwar Nasarawa. Tun yana saurayi ya zo daga kudu, ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa duka a nan, Hausar Kabi ce a bakinsa. Shekara ashirin Tamba na sayen kaya a hannunsa. Pius ya buga wa mutanensa na kudu, su ma babu. Bayan kwana huɗu ya kira Tamba ya ce an samu mai kyau a Dubai, wanda aka cire daga motar da ba ta yi aiki da yawa ba. Ya faɗa masa kuɗin saye da na jirgi, sannan ya faɗi na kwastam da na ejan ɗin da zai fito da kayan daga tashar jiragen ruwa ta Legas.

Da Tamba ya kai wa Malami, shugaban ƙungiya, wannan labari, Malami ya cire hula ya riƙe a hannu. Kuɗin saye za su iya, in ji shi, amma na kwastam ɗin nan sai an sake bin mutane gida gida, kuma kowa ya zuba abin hannunsa a taki da man ban ruwa.

A wannan makon ne wani direban da Tamba bai sani ba ya tsaya a gyara masa burki. Da ya ji ana zancen, ya ce ai yana da mutum a Legas da ke fito da kaya a rabin wannan kuɗin. Ya ba Tamba lamba, ya tafi.

Da Tamba ya kira lambar, mutumin ya ce sunansa Alhaji Muhammad Sani. Muryarsa mai laushi ce, Hausarsa tas, kuma ba ya kiran Tamba sai da Baba. Ya ce shekararsa goma sha biyar yana wannan aiki, ya san ƙofofin da talaka ke bi. Abin da yake buƙata kawai hoton katin shaidar Tamba, don a sa sunansa a takardu a matsayin mai kaya.

Da Tamba ya gaya wa Pius, Pius ya daɗe yana kallonsa.

"Oga Tamba, kuɗɗin kwastam ba tumatur ba ne da za a yi maka ragi. Abin da doka ta aza shi ne. Wanga mutum ka san shi?"

"Na ji muryarshi. Mutumin kirki ne."

"Arha ba ta ado. Ni dai na hwaɗa maka."

Tamba bai ji ba. Yana son ya sauƙaƙa wa manoman, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma wani abu da daga baya ya amsa da bakinsa: ya so a ce a Argungu shi Tamba, wanda bai yi boko ba, ya yo odar kaya daga Dubai da sunansa, ya kuma fito da su a kan rabin abin da ɗan kasuwa ya faɗa. Pius ya yi masa odar, ya ba da sunan ejan ɗin da Tamba ya zaɓa, ya cire hannunsa.

Bayan mako shida Alhaji Muhammad Sani ya aiko da murya cewa kaya sun fito, ya kuma turo hotunan takardu masu hatimi. Akwai maƙwabcin Tamba mai suna Musaddiq, direban babbar mota da ke kai albasa Legas ya dawo wayam. Tamba ya roƙe shi ya biya ya ɗauko akwatin. Musaddiq ya ce ko sisi ba zai karɓa ba, ai motar ƙungiya ta kowa ce.

Ranar Alhamis da hantsi Tamba yana cikin rami ƙarƙashin wata mota sai wayarsa ta yi ƙara. Musaddiq ne.

"Baba Tamba, an tare mu kusa da Jega. Kwastam ne. Sun ce takardun akwatin nan..."

Wayar ta katse. Tamba ya sake kira, aka ce a kashe take. Ya fito daga ramin ya zauna a ƙasa, ya kira Alhaji Muhammad Sani. A kashe. Ya sake kira, ya sake, har sau goma sha wani abu. Da azahar wata baƙuwar lamba ta shigo. Wani mutum ya tambaya cikin natsuwa ko shi ne Tamba mai akwatin da ya fito daga Dubai. Ya ce shi ne. Mutumin ya ce mota da kaya suna ofishinsu na Birnin Kebbi, ya zo ranar Litinin da ƙarfe tara, ya taho da katin shaidarsa. Tamba ya buɗe baki zai tambayi labarin Musaddiq, aka ajiye waya.

Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa. Mutane suka taru a gareji, kowa da abin da ya ji. Sunusi mai faci, wanda rumfarsa ke gefen ta Tamba, shi ya faɗi maganar da ta zauna masa a ciki.

"Ni ba takardun ka ba ni tsoro ba. Irin waɗanga masu arha, ka san mi sukai? Cikin kayanka su ka ɓoye nasu. Ƙwaya, ko abin da ya hi ƙwaya. In an wuce lahiya su aiko a karɓa, in an kama, sunan wa ag ga takarda?"

Wani ya ce Sunusi ya yi shiru mana. Amma magana ta riga ta fita. Sai a lokacin Tamba ya tuna bai taɓa ganin cikin akwatin nan ba. Hoton giyabos ya gani a ƙasa a Dubai, sai hoton akwatin katako a rufe. Tsakanin nan da nan hannu nawa ya bi, bai sani ba. Mako biyu akwatin ya yi a wajen mutumin da bai san ko fuskarsa ba.

Ranar Juma'a da safe ya zo buɗe gareji ya tarar da wata tsohuwa zaune a kan benci. Goggo Ummu Hani ce, mahaifiyar Musaddiq. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ba ta ɗaga murya ba.

"Goggo, in sha Allahu..."

"Ba magana niz zo yi ba, Tamba. Ɗana nike jira. Matarshi na kan gwiwa yau ko gobe. Nan ne inda an ka aike shi, nan zan jira shi."

Haka ta zauna, da carbinta, har aka yi kiran sallar Juma'a. Bayan an sauko ta dawo. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Duk sanda ya ɗago kai daga aiki sai ya ga tana kallon hanya. Ranar ya ɗaure wa wata mota taya bai ƙarasa notuna ba, sai da mai motar ya lura ya dawo da ita. Tamba ya rufe gareji tun rana na sama.

Abinci ya ƙi shiga. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai ya miƙe tsaye. An ce an ga Musaddiq da ankwa. An ce an wuce da shi Abuja. Ba wanda ya san wanda ya gani.

Ranar Asabar bayan azahar matarsa Khadijatu ta shiga ɗaki ta same shi yana ninke riguna cikin jaka. Shekararsu ashirin da bakwai da aure, ba ta taɓa ganin ya haɗa kayansa da kansa ba.

"Malam, ina zuwa?"

"Wajen dangin inna, can ƙetare. Kwana kaɗan, har ƙura ta lahwa."

"To Musaddiq hwa?"

Ya ci gaba da ninke riga.

"In ka tahi, wa za su riƙe? Yaron mutane ya yi maka alheri, ko kuɗɗin mai bai karɓa ba."

"Khadijatu, ba ki san abin da ag cikin akwatin nan ba. Ni ma ban sani ba. In wani abu ne, shekara nawa kike jin za su ba ni? Ni ba ni iya shiga wurin nan. Ƙafafuna ba su kai ni." Ya cusa riga cikin jakar. "Ni na ɗauko Riskuwa. Ke ba ki gani ba."

Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki jakar ta ɗora a cinyarta.

"Riskuwa gudu ya yi, Malam."

Can ta ce, "Ka tahi wajen Pius gobe. Shi ya san takarda. In ya ce babu mahita, ni da kaina zan haɗa maka kayan nan. Amma kada ka tahi ka bar tsohuwar can bisa benci."

Ranar Lahadi ya isa Nasarawa tun da sanyin safiya, ya tarar Pius da iyalinsa sun tafi coci. Ya zauna a kan dakalin ƙofar gidan har rana ta take. Yana zaune yana juya wayarsa. Tun Alhamis yake tunanin ya goge duk abin da ke tsakaninsa da Alhaji Muhammad Sani, ko ya jefa wayar cikin gulbi gaba ɗaya, kada a kama shi da ita. Ya buɗe wurin saƙonnin, ya ɗora yatsa, sai ga su sun shawo kwana, Pius da matarsa Gertrude.

Pius bai ce na faɗa maka ba. Ya shigar da shi falo, aka kawo ruwa. Gertrude ce ke kula da duk takardun shagonsu, don haka ita ta karɓi wayar, ta sa tabarau, ta buɗe hotunan takardun ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi ta ɗauko wata takarda daga cikin jakarta ta ajiye a gefe tana gwadawa.

"Oga Tamba, ka san abin da an ka rubuta nan? Ba giyabos ba. An ce tsohon ƙarhe ne, bola, wanda ba shi da wata daraja. Wagga kuma, da ya ce maka rasiɗin biya ce, dubi tamu. Kuɗɗin kwastam banki ake biya, a ba ka lamba, kuma suna iya duba lambar su gani. Tashi wagga, ina jin zana ta an ka yi."

"Ke nan bai biya ba?"

"Ina jin ko sisi."

Tamba ya riƙe kai. Gertrude ta tambaye shi yadda suke magana da mutumin. Ya ce da murya. Ta gangara da yatsa, ta ga saƙonni sun fi sittin, tun daga ranar farko.

"Ka goge wani abu ciki?"

"Yanzu nike shirin gogewa, sai ga ku."

Ta dafe ƙirji. "Kada ka taɓa ko ɗaya! Su ne shaidarka. Nan ya ce maka ya biya, nan ka tambaye shi ko komai na bisa doka. Ba ni wayar nan ta kwana hannuna."

Ya tambaye su maganar Sunusi, ko ana ɓoye abu cikin kayan mutane. Pius da Gertrude suka dubi juna. Pius ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, ya taɓa jin an yi. Sannan ya ce gobe tare za su je.

Ranar Litinin suka hau keke mai ƙafa uku zuwa ofishin. Tun daga nesa da Tamba ya hango ƙofar da masu kaki a tsaye, sai ya sunkuyar da kai. Da suka sauka sai da Pius ya riƙe masa gwiwar hannu. Suka rubuta suna, aka nuna musu hanya. A cikin harabar ya ga babbar motar albasa a ajiye, a ƙarƙashinta kuma wani mutum zaune a kan tabarma yana shan koko. Musaddiq ne, babu ankwa, babu komai. Ya taso da sauri. Ya ce ba a kulle shi ba, an dai ce mota ba za ta motsa ba sai mai kaya ya zo, shi kuma ba zai bar motar maigidansa ba. Wayarsa ce ta faɗi ta fashe ranar da aka tare su. Abin da ya fara tambaya shi ne ko matarsa ta sauka. Tamba ya ce tukuna.

Jami'in da ya kira su dogo ne mai furfura kaɗan a gemu, ana ce masa Oga Izzuddeen. Ya ba su kujera. Tamba ya zauna a bakin-bakinta. Jami'in ya tambaye shi sunansa, da sana'arsa, da abin da ya yo oda, da wanda ya fito masa da shi. Ya tambaye shi ko ya san ofishin mutumin. Bai sani ba. Ko ya san lambar lasisinsa. Bai sani ba. Ko ya taɓa ganinsa ido da ido. Bai taɓa ba. Duk amsar da ya bayar sai ya ji ta fi ta baya muni.

"To mu je a buɗe akwatin a gabanka," in ji jami'in. "Ba mu taɓa shi ba, mai shi muke jira."

An sauke akwatin a tsakiyar fili. Jami'ai huɗu suka kewaye shi, ɗaya yana ɗaukar hoto da waya. Aka miƙa wa Tamba guduma da ƙarfen ɓanɓara. Sau biyu ƙarfen na zamewa daga hannunsa. Ya ɗaga katakon sama, ƙusoshi suna kuka. Ga giyabos nan a naɗe cikin leda mai kauri. A gefensa kuma, a matse cikin lungu, akwai wani ƙaramin kwali da aka naɗe da salatif ta ko'ina.

Tamba bai yo odar wani kwali ba.

"Wannan fa?" in ji Oga Izzuddeen.

"Ranka shi daɗe, wallahi ban san shi ba."

"Ba naka ba ne?"

"Ban san shi ba. Giyabos kaɗai nic ce a kawo."

Mai ɗaukar hoto ya matso. Pius ya harɗe hannu a ƙirji. Jami'in ya ce Tamba ya ɗauko shi da kansa. Ya ɗauko, ya ji yana da nauyi, wani abu kuma yana motsi a ciki, ƙananan abubuwa masu yawa suna gugar juna. Ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Aka ba shi reza, ya kasa yanka, sai da ya durƙusa ya dafe kwalin da gwiwa.

Notuna ne a ciki, da ƙusoshin ɗaure giyabos, da robar tare mai guda biyu a cikin leda. Mai sayarwa na Dubai ne ya haɗo su, kamar yadda ake yi wa mai saye in an cire kaya daga mota. Tamba ya zube zaune a ƙasa. Wani daga cikin jami'an ya miƙo masa ruwa.

Amma ba a gama ba. Oga Izzuddeen ya ce a buɗe murfin giyabos ɗin, don cikinsa ma wuri ne. Aka kawo sifanu daga motar Musaddiq. Da Tamba ya kama sifana sai ya kwance notunan bi da bi kamar yana garejinsa. Ya ɗaga murfin. Babu komai sai haƙora da ragowar baƙin mai. Jami'in ya haska da tocila, ya zura hannu, ya ce shi ke nan. Tamba kuwa ya tsaya yana shafa haƙoran da yatsa, bai san lokacin da ya ce, "Kai, wanga mai kyau ne," ba. Oga Izzuddeen ya ɗan yi murmushi.

Suka koma ofis. Jami'in ya juya masa fuskar kwamfuta, ya nuna masa cewa lambar da ke jikin rasiɗin ba ta nan, ba a taɓa biyan komai da ita ba. Ya ce takardar jabu ce, an kuma yi ƙarya a kan abin da ke cikin akwati, kuma sunan Tamba ne a kai. Doka ta ba da dama a ƙwace kayan, a kuma kai mai su kotu. Nan Pius ya fito da wayar. Fiye da awa ɗaya suna zaune ana sauraron muryoyin. Tamba ya ji kansa yana tambaya, "Alhaji, komai dai bisa doka ko?" ya ji muryar nan mai laushi tana cewa, "Baba, kwantar da hankalinka, na biya har da rasiɗi." Kunya ta hana shi ɗaga kai.

An kwafi saƙonnin, an rubuta bayaninsa an karanta masa da Hausa, ya dangwala yatsa. Oga Izzuddeen ya ce shi ba shi ne mai yanke hukunci ba, takarda za ta hau sama. Pius ya tsaya masa, aka bar shi ya tafi gida bisa sharaɗin ya riƙa zuwa duk Litinin. Washegari aka saki motar albasa. Musaddiq ya isa Argungu da yamma, matarsa ta haihu ranar Laraba, namiji. Tamba ya so ya je barka ya kasa, Khadijatu ce ta je.

Litinin uku ya yi yana zuwa, kuma babu wadda ta zo masa da sauƙi. Duk ranar da zai tafi sai ya yi wa Khadijatu bayanin inda ya ajiye makullan gareji da motar wa da wa ke ciki, don bai san ko zai dawo ba. A Litinin ta huɗu aka ce masa an duba, an yarda yaudararsa aka yi, ba za a kai shi kotu ba. Amma zai biya cikakken kuɗin kwastam, da tara a kai.

Bai koma wajen ƙungiya neman kuɗi ba. Kuɗin da ya tura wa ejan nasu ne, kuma shi ya zaɓi ejan ɗin. Ya sayar da 'yar gonar fadama da ya gada, wadda ƙaninsa ke noma masa, ya je banki tare da Gertrude ya biya, aka ba shi rasiɗi mai lamba. Malami ya ce da ya bari an yi karo-karo. Wasu daga cikin manoman kuwa ba su gaishe shi ba har aka yi sallar layya, kuma bai ga laifinsu ba. Kafin akwatin ya iso Argungu an riga an yanke shinkafa, an kwashe fiye da rabi da amalanken shanu da motocin haya masu tsada. Kwana biyu ya yi yana ɗora giyabos ɗin. A rana ta uku motar ta shiga fadama, ta yi sawu bakwai, da yamma ruwan farko ya sauka. Buhunan mutum biyar da ke can ƙarshen fadama sun jiƙe.

Ana cikin damina, wata rana da safe, baƙuwar lamba ta sake kiransa. Oga Izzuddeen ne, ya ce ya zo gobe. Tamba ya tambaya ko wani abu ya sake tasowa, aka ce in ya zo zai gani. Ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya koma gida ya kwanta.

Da ya je aka ce masa an kama wani da takardun jabu irin nasa, ana so ya saurari muryarsa. Aka shigo da mutumin, wani ramamme mai jajayen idanu, rigarsa a yamutse. Aka ce ya yi magana. Ya ce shi ma aiko shi aka yi, yana da 'ya'ya, a taimaka masa. Tamba ya rufe ido ya saurara, yadda yake sauraron inji. Ya ce a sa shi ya ce "Baba, kwantar da hankalinka." Mutumin ya faɗa, muryarsa na karyewa.

"Ba shi ba ne, ranka shi daɗe."

"Ka tabbata? Ka sake ji."

"Na tabbata. Wancan ko cikin kasuwa na ji shi ina gane shi. Wanga ba shi ba ne."

Aka fita da mutumin. Oga Izzuddeen ya rubuta wani abu, ya ce ya gode, yana iya tafiya. Tamba ya biya ta shagon Pius ya sha ruwa, ya sayi fulogi huɗu da belin fanka na wata mota da ke jiransa, ya hau motar Argungu. Har yau ba a sami Alhaji Muhammad Sani ba.